Zan iya zuba struct ɗina gaba ɗaya a layi ɗaya na tebur?

Sabon_Koyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta tsayar da ni yau kwana uku. Ina rubuta ƙaramar manhaja da harshen C wadda ke riƙe bayanan ɗalibai. Kowane ɗalibi `struct` ne guda: lambar rajista, suna, ranar haihuwa, sai jerin darussan da ya ɗauka tare da makin kowanne. A da, da `fwrite` nake juye shi gaba ɗaya cikin fayil, in karanto da `fread`. Yanzu ina so in koma SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai mai ajiya a tebura, domin neman ɗalibi ɗaya a cikin fayil ya fara ba ni wahala.

Abin da na yi niyya shi ne tebur mai ginshiƙi biyu, ɗaya na lamba, ɗaya BLOB, wato gurbin da ke karɓar bayit zalla, in zuba `struct` ɗin a ciki yadda yake. Layi biyar na kod sun ishe ni. Amma wani ya ce mini kuskure ne, bai kuwa faɗi dalili ba. Da gaske kuskure ne? In kuskure ne, ina zan kai darussan, tunda wani yana da biyar wani yana da tara?

Tsohon_Hannu

Wa alaikumus salam. Kafin komai, ƙanena, faɗa mana yadda ka ajiye suna da darussan. Wuri ka tanadar musu mai ƙayyadadden tsawo, irin `char suna[40]`, ko manuni ka sa kana neman memori da `malloc`?

Sabon_Koyo

Suna `char suna[40]` ne. Darussan da wuri goma na tanadar musu, amma jiya na mayar da su manuni saboda an sami ɗalibin da ya wuce goma.

Tsohon_Hannu

To ga matsalar nan tun ba a kai ga SQLite ba. Manuni ba ya ɗauke da darussan, adireshin inda suke a memori kawai yake ɗauke da shi. In ka juye `struct` ɗin yanzu, abin da zai shiga BLOB a gurbin darussa shi ne bayit takwas na adireshi. Da zarar ka rufe manhajar ka sake buɗewa, adireshin nan ya zama na wani abu dabam, darussan kuma sun tafi. Ka gwada karanta fayil ɗin da ka rubuta bayan canjin jiya, gani ya kori ji.

Ko babu manuni ma akwai sauran rina a kaba. Kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa harshen inji, tana cusa bayit na ciko tsakanin gaɓoɓin `struct` don su zauna daidai a memori. In ka sa `char` ɗaya sannan `int`, a yawancin injina girman zai zama bayit takwas maimakon biyar, uku na ciko ne. Haka kuma `long` bayit takwas ne a Linux mai bit 64, amma huɗu ne a Windows mai bit 64. Wato abin da ka ajiye a wannan kwamfuta ba lallai waccan ta karanta shi daidai ba. Ranar da ka ƙara gaɓa ɗaya a `struct` ɗin kuwa, duk tsofaffin bayananka sun zame daga gurbinsu.

Malama_Tebur

Duk abin da Malam Tsohon_Hannu ya faɗa haka yake. Ni abin da zan ƙara shi ne: ka ce dalilin komawarka SQLite shi ne wahalar nema. To in ka zuba komai a BLOB, SQLite ba ta san akwai suna a ciki ba, ba ta san akwai maki ba. Ba za ka iya ce mata ta kawo maka duk wanda ya ci ƙasa da 40 a lissafi ba. Sai ka ciro kowane layi, ka buɗe, ka duba da kanka, aikin da kake yi da fayil ke nan.

Yadda nake koya wa ɗalibaina: duk gaɓar da ke da ƙima ɗaya tak ga kowane ɗalibi, ta zama ginshiƙi. Duk wadda ke maimaituwa, ta sami teburinta. Ga naka:

```
CREATE TABLE dalibi (
  id INTEGER PRIMARY KEY,
  rajista TEXT NOT NULL UNIQUE,
  suna TEXT NOT NULL,
  haihuwa TEXT
);

CREATE TABLE maki (
  dalibi_id INTEGER NOT NULL REFERENCES dalibi(id),
  darasi TEXT NOT NULL,
  maki INTEGER,
  PRIMARY KEY (dalibi_id, darasi)
);
```

Mai darasi biyar yana da layi biyar a tebur na biyu, mai tara yana da tara, mai ashirin ma babu abin da zai fashe. Wannan tsari ya samo asali ne daga takardar da Edgar Codd ya fitar a 1970 lokacin yana aiki a IBM, inda ya nuna cewa in gurbi ɗaya ya riƙe ƙima ɗaya, tambayar bayanai tana sauƙaƙa. Fiye da shekara hamsin ke nan ana aiki da shi.

Sabon_Koyo

Na gode Malama. Amma me ya sa kika sa `rajista` ta zama TEXT alhali lamba ce? Kuma me ya hana ta zama ita ce makullin teburin?

Malama_Tebur

Tambayi kanka: za ka taɓa tara lambar rajista biyu ko ka raba su? In a'a, to suna ce da aka rubuta da alƙaluma. In ka sa ta a ginshiƙin INTEGER, lamba irin 00731 za ta koma 731, sifilin gaba sun ɓace. Batun makulli kuwa, ana yin kuskuren rubuta lambar rajista, ana kuma sauya tsarinta. In ita ce makulli, gyara ɗaya zai sa ka bi duk teburan da suka ambace ta. Shi ya sa na ba ɗalibi `id` wanda ba ya nufin komai ga kowa sai rumbun bayanan.

Kod_da_Dare

Ni kam ban yarda cewa dole sai an yayyanka komai ba. Ku yi haƙuri Malama. Zamanin nan akwai JSON, tsarin rubuta bayanai a rubutu zalla, kowace gaɓa da sunanta da ƙimarta. Ka mayar da `struct` ɗinka rubutun JSON, ka zuba a ginshiƙi ɗaya, shi ke nan. Ba shi da matsalar ciko ko ta manuni da Tsohon_Hannu ya lissafa, domin rubutu ne da kowane inji ke karantawa. Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba a iya nema a ciki: SQLite tana da `json_extract`, PostgreSQL tana da JSONB tun sigar 9.4 a 2014 har da indeks a kansa, MySQL ma ta shigo da nata a 5.7. Yaro yana koyo, manhajarsa ƙarama ce, don me za a ɗora masa haɗa tebura biyu?

Bayanai_Zalla

Kod_da_Dare, na bi wannan hanya taka shekara biyu, bari in ba ka labarin yadda ta kaya. A wani wuri da na yi aiki mun zuba bayanan kowane mai rajista a JSON guda, saboda gaggawa. Wata shida na farko lafiya lau. Daga nan wani abokin aiki ya rubuta gaɓar ranar haihuwa da wani suna a sabuwar siga, wani kuma ya riƙa ajiye adadi a matsayin rubutu, "12" maimakon 12. Rumbun bai ce uffan ba, domin a wurinsa duk JSON ne ingantacce. Ranar da aka ce mu fitar da rahoton shekara muka tarar da siffa huɗu dabam-dabam ta abu ɗaya a tebur ɗaya. Makonni muka yi muna tsefe su.

Da ginshiƙai muka yi, da `NOT NULL` da `UNIQUE` sun tare yawancin kurakuran nan tun ranar da aka yi su. Kuma ka lura da makullin da Malama ta sa a teburin maki: ya hana a shigar wa ɗalibi ɗaya darasi ɗaya sau biyu. A cikin JSON wa zai hana?

Kod_da_Dare

Wannan laifin rashin tsari ne a tsakaninku, ai ba laifin JSON ba ne. Da kun tantance bayanan a manhaja kafin ajiya da hakan bai faru ba.

Bayanai_Zalla

Mun tantance. Amma manhaja uku ke rubutu a teburin, kowacce da mai kula da ita. Rumbun shi ne wuri ɗaya da duk ukun suke bi ta cikinsa, nan ya kamata doka ta zauna.

Tsohon_Hannu

Ku biyun kowa yana da tasa gaskiyar. Ni ina amfani da JSON a inda siffar abin ba ta tsaya ba kuma ba na nema da shi, misali zaɓuɓɓukan da mai amfani ya saita wa fuskar manhaja, ko amsar da ta zo daga wata sabar da nake so in adana yadda ta zo. Amma maki abu ne da za a tara, a jera, a kwatanta. Wannan tebur yake so.

Abu ɗaya ga mai son JSON: in JavaScript ce za ta karanta, lamba cikakkiya da ta wuce 9007199254740991 tana iya canzawa ba tare da gargaɗi ba. Manyan lambobin shaida a ajiye su a matsayin rubutu.

'Yar_Python

Don Allah tunda ana wannan magana, ni a Python `pickle` nake amfani da shi in zuba abu a BLOB. Shi ma matsalarsa ɗaya da ta `fwrite`?

Bayanai_Zalla

'Yar'uwa, shi `pickle` yana bin manuni ya kwaso abin da ke ciki, don haka ba zai ɓatar miki da jeri ba. Amma Python kaɗai ke karanta shi, in kin sauya sunan aji ko kin matsar da shi tsofaffin bayanai suna iya ƙin buɗewa, kuma takardun Python da kansu sun yi gargaɗi cewa buɗe `pickle` da ba ki amince da tushensa ba yana iya gudanar da kod ɗin wani a injinki. Don ajiya ta ɗan lokaci babu laifi. Don bayanan da za su shekara, ki raba su ginshiƙai.

Sabon_Koyo

Na yi teburan Malama, sun yi aiki. Da `sprintf` nake haɗa umarnin `INSERT`. Ɗalibai goma sha ɗaya sun shiga, na sha biyu ya ƙi, yana cewa akwai kuskure a rubutun SQL, harshen da ake ba rumbun umarni da shi. Na duba ban ga bambanci ba.

Malama_Tebur

Akwai alamar ɗauri a sunansa, irin ta Sa'adu ko Asma'u?

Sabon_Koyo

Ƙwarai kuwa akwai! Yaya aka yi kika sani?

Malama_Tebur

Domin da wannan alama SQL take buɗe rubutu da rufe shi. Da ta iso tsakiyar sunan sai ta ɗauka rubutun ya ƙare, saura kuma ta karanta shi a matsayin umarni. Ka gode Allah da sunan ɗalibi ne ya nuna maka. Ta wannan ƙofa ce masu kutse suke shiga: su rubuta umarnin SQL a gurbin suna, manhajarka ta miƙa wa rumbu, rumbu ya aiwatar. Ka daina haɗa umarni da `sprintf` daga yau, kada ma ka ce za ka riƙa gyara alamar da hannu.

Ka rubuta umarnin da alamar tambaya a gurbin ƙima:

```
INSERT INTO dalibi (rajista, suna, haihuwa) VALUES (?, ?, ?);
```

Ka shirya shi da `sqlite3_prepare_v2`, ka ɗaura kowace gaɓa ta `struct` a gurbinta da `sqlite3_bind_text` ko `sqlite3_bind_int`, sannan `sqlite3_step`. Ta haka ƙima tana tafiya ta hanyarta, umarni ta tasa, ba sa cakuɗuwa. Gurbin farko lambarsa 1 ce wajen ɗaurawa, amma wajen karantawa da `sqlite3_column_text` ginshiƙin farko 0 ne. Mutane da yawa suna tuntuɓe a nan.

Tsohon_Hannu

Ƙari a kan na Malama: ƙima ta ƙarshe da ake miƙa wa `sqlite3_bind_text` tana tambayarka ko SQLite ta kwafi rubutun ko ta dogara da naka. In ba ka da tabbacin memorin zai rayu har a gama aiki da umarnin, sa `SQLITE_TRANSIENT` ta kwafa.

Sai babban abu, wanda har yanzu ba wanda ya taɓo. A da `struct` ɗinka abu ɗaya ne, ko ya shiga ko bai shiga ba. Yanzu ya zama layi ɗaya a nan, tara a can. In wuta ta ɗauke bayan darasi na huɗu, kana da ɗalibi mai rabin sakamako, kuma babu alamar da za ta nuna maka. Don haka ka fara da `BEGIN`, ka shigar da ɗalibi, ka karɓi lambarsa da `sqlite3_last_insert_rowid`, ka shigar da makinsa duka, sannan `COMMIT`. In wani mataki ya gaza, `ROLLBACK`. Za ka ga har sauri ya ƙaru sosai, domin in ba ka yi haka ba kowane `INSERT` sai ya jira faifai ya tabbatar da rubutu shi kaɗai.

Mai_Sabar

Kada a manta, a SQLite `REFERENCES` ɗin nan ba ya aiki sai ka kunna shi. Duk lokacin da ka buɗe rumbun ka aika `PRAGMA foreign_keys = ON`. In ba haka ba za ka iya goge ɗalibi makinsa su zauna babu mai su.

Kod_da_Dare

Kun ga abin da nake faɗa? Daga layi biyar an kai shi wajen ɗaurawa, `BEGIN`, `PRAGMA`. In dai tebura za a yi, to a bar ORM, wato manhajar da ke mayar da abubuwan kod layukan tebur da kanta, ta yi wahalar. A Django ko SQLAlchemy ko Hibernate aji kawai kake rubutawa, ka ce a ajiye, ita ta san yadda za ta raba.

'Yar_Python

Da C fa yake rubutu, Yaya. Kuma ni da nake amfani da Django, sai da na koyi SQL na gane abin da take yi a bayan fage. Na taɓa yin shafi mai nuna mutum ɗari biyu da abubuwan kowannensu, yana ta nauyi. Da na duba sai na ga tambaya ɗaya take aikawa ta kawo mutanen, sannan ɗaya-ɗaya ga kowane mutum, ɗari biyu da ɗaya ke nan. Layi ɗaya na `prefetch_related` ya mayar da su biyu. Wanda bai taɓa haɗa tebura da hannunsa ba, ba zai ma san inda zai duba ba. Ni ina ganin gara ya sha wahalar nan sau ɗaya yanzu.

Harafi_Mai_Lanƙwasa

Ni wani gefe zan taɓo, wato `char suna[40]`. Arba'in ɗin nan bayit ne, ba haruffa ba. A UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, kuma `strlen` bayit take ƙirgawa. In ka karanto dogon suna daga tebur ka yanke shi a bayit na 39, kana iya raba harafi ɗaya gida biyu, ƙarshen sunan ya zama shara. SQLite ba ta damu da tsawo ba, ko ka rubuta VARCHAR mai iyaka ba za ta yanke ba, don haka wajen dawo da bayanai cikin `struct` ne haɗarin yake. Ka duba `sqlite3_column_bytes` kafin ka kwafa.

Masu MySQL kuma su lura: kafin sigar 8.0 tsarin haruffan da take farawa da shi latin1 ne, wanda ba shi da gurbin haruffanmu masu lanƙwasa, sai ka ga alamar tambaya a madadinsu. A zaɓi utf8mb4.

Sabon_Koyo

Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ranar haihuwa fa? A `struct` lamba uku ce: rana, wata, shekara. Ginshiƙi uku zan yi?

Mai_Sabar

Ɗaya ya isa. SQLite ba ta da nau'in kwanan wata na musamman, abin da take ajiyewa biyar ne: NULL, INTEGER, REAL, TEXT, BLOB. Ka rubuta shekara, wata, rana, kamar 2009-03-07, da sifilinsu. Wannan tsari yana jeruwa daidai ko a matsayin rubutu, kuma ayyukan kwanan wata na SQLite suna gane shi. Wasu suna ajiye daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, amma ranar haihuwa ba ta da awa, kuma in ka zuba daƙiƙoƙin a lamba mai bit 32 za ta cika a 19 ga Janairu 2038.

In ba a san ranar haihuwar wani ba, ka sa NULL da `sqlite3_bind_null`. Kada ka ƙirƙiri rana ta ƙarya. Haka ma maki: wanda bai zauna jarrabawa ba dabam yake da wanda ya ci sifili. A C `int` ba ta da hanyar cewa babu, don haka sai ka ƙara wata gaɓa a `struct` da za ta nuna ko akwai maki. `AVG` tana tsallake NULL amma tana lissafa sifili, ka ga bambancin zai taɓa sakamakon yaro kai tsaye.

Sabon_Koyo

Wannan ya kawo ni ga matsakaicin maki. Ina da shi a `struct` a matsayin `float`. In yi masa ginshiƙi?

Malama_Tebur

A'a. Abin da za a iya lissafowa daga wasu layuka ba a ajiye shi. Ranar da aka gyara maki ɗaya aka manta da matsakaicin, teburinka yana faɗin magana biyu. Ka bar `AVG` ta lissafa duk lokacin da ake bukata.

Bayanai_Zalla

A nan kam zan saɓa miki kaɗan, Malama. In an riga an fitar da sakamako an ba ɗalibi a hannu, wannan adadi ya zama tarihi. In bayan shekara biyu aka sauya yadda ake lissafi, ko aka cire wani darasi, `AVG` za ta ba da abin da ya bambanta da takardar da ke hannunsa. Ni zan yi tebur na uku na sakamakon da aka fitar, da ranar fitarwa, ba a taɓa shi bayan nan. Kuma ba zan sa `float` ba, tunda ko 0.1 ba ta zauna daidai a cikinsa. Zan ninka da ɗari in ajiye lamba cikakkiya, 6725 a madadin 67.25.

Malama_Tebur

Na karɓi wannan in har akwai fitar da sakamako a hukumance. Abin da na hana shi ne ginshiƙin matsakaici a cikin teburin ɗalibi, wanda ake sa ran zai riƙa bin makin yau da kullum.

Kod_da_Dare

To ga shi kun dawo gidana. Wannan sakamako da aka daskarar, wanda ba a sake taɓawa, ai JSON guda ya fi dacewa da shi: ɗalibi, darussansa, makinsa, yadda suke a ranar.

Bayanai_Zalla

A wannan gurbi ban ƙi ba, muddin ka sa lambar siga a ciki don mai karantawa nan gaba ya san da wace siffa aka rubuta.

Sabon_Koyo

Na gyara komai: ɗaurawa, `BEGIN` da `COMMIT`, da `PRAGMA`. Mai alamar ɗauri a suna ya shiga lafiya. Na kuma gwada tsohon fayil ɗin kamar yadda Malam Tsohon_Hannu ya ce, manhajar ta faɗi nan take da ta zo karanta darussa.

Yanzu saura gyara. In na karanto ɗalibi cikin `struct`, aka cire darasi ɗaya aka ƙara biyu, yaya zan mayar? In goge duk makinsa in sake zubawa, ko in bi ɗaya-ɗaya in gano wanda ya canza?

Tsohon_Hannu

Ga layi tara ko goma, ni gogewa nake yi in sake zubawa, duk a cikin `BEGIN` ɗaya. Kod ɗin gajere ne, wurin kuskure kaɗan ne.

Mai_Sabar

Hakan yana yi matuƙar babu wani tebur da ke nuni ga layukan maki, kuma mutum ɗaya ne ke gyara. In malamai biyu suka buɗe ɗalibi ɗaya, na farko ya sa makin lissafi ya ajiye, na biyu ya ajiye nasa `struct` da ya karanto tun kafin nan, makin lissafin ya goge ke nan ba wanda ya sani. Maganinsa ginshiƙin siga a teburin ɗalibi: ka karanto shi tare da sauran, wajen ajiya ka ce a sabunta in har siga tana nan yadda ka gan ta, ka ƙara mata ɗaya. In `sqlite3_changes` ta ce babu layin da ya canza, wani ya riga ka, sai ka sake karantowa. Sabon_Koyo, mutum nawa ne za su riƙa amfani da manhajar a lokaci ɗaya?

Sabon_Koyo

Yanzu dai ni kaɗai ne, a kwamfuta ɗaya. Amma an ce in ta yi kyau za a so malamai uku su riƙa shigar da maki, kowa daga tasa kwamfutar. Fayil ɗin SQLite ɗin zan sa a babban fayil da duk suke gani ta hanyar sadarwa, ko akwai wata dabara?